Sunan Mai Gida a Madadin Takarda: Ƙa'idojin Ciniki a Zongon Lome da Yadda Masana Suka Karance Su

A shekarar 1977 gwamnatin Togo, ƙarƙashin Janar Gnassingbé Eyadéma, ta rushe unguwar Zongo da ke tsakiyar birnin Lome, ta kwashe mutanenta zuwa wani fili a yankin Togblékopé, kimanin kilomita 15 arewa da gari, a gefen babbar hanyar da ta miƙe zuwa Atakpamé da arewacin ƙasar. A idon hukuma, unguwar cunkoson gidaje ce da ta tare fili mai tsada, kuma daga baya dogayen gine-ginen bankuna ne suka tashi a wannan sashe na birnin. Ga mai nazarin kasuwanci kuwa, abin da ya faru gwaji ne irin wanda ba a iya shiryawa da gangan. An tumɓuke al'umma sukutum wadda yawancin cinikinta bashi ne, bashin kuma ba a sa masa hannu a takarda, ba a kai shi kotu. Zaurukan da ake saukar baƙi sun rushe, maƙwabta sun warwatsu, amma fataucin shanu da goro bai mutu ba. Abin tambaya shi ne, mene ne yake riƙe da ciniki irin wannan, tun da ba gini ba ne?

Amsar tana cikin tarihin zango kansa. Kalmar a asali tana nufin wurin da ayari yake yada kaya ya kwana, haka kuma tana nufin tsawon tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. A ƙasashen Gana da Togo da Benin bakin mutane ya mai da ita "zongo", ma'anarta kuma ta faɗaɗa ta zama unguwar baƙi Musulmi 'yan arewa. Tun ƙarni na 18, musamman kuma bayan kafuwar daular Sakkwato a farkon ƙarni na 19, fatake suna tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato su nufi Gwanja sayen goro, suna kai kanwa da tufafi da fatu da dabbobi. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafin da ya wallafa a 1980 kan fataucin goro, ya nuna cewa Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka fi riƙe wannan hanya. Ayarinsu yana da tsari: madugu ne shugaba, shi yake ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na wucewa, jagaba yana gaba yana duba hanya da masauki, uban dawaki yana kula da tara abin da za a biya, akwai kuma malamin ayari mai addu'a da rubutu. Babbar matattarar wannan fatauci ita ce Salga.

Abubuwa biyu suka karya Salga. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Asante a kan hanyar goro ya yi rauni. A 1892 kuma yaƙin basasa ya tashi a Salga kanta, 'yan kasuwa suka watse zuwa Kete-Krachi da Yendi da Kintampo da garuruwan bakin teku. A daidai wannan zamani Lome take tasowa. Ƙaramin wuri ce da ta bunƙasa wajen 1880 saboda 'yan kasuwa masu kauce wa harajin kwastan na Ingilishi a Gwalkwas. Jamusawa suka kafa ikonsu a gaɓar a watan Yulin 1884, suka mai da Lome hedkwata a 1897, suka gina gadar sauke kaya daga jiragen ruwa a 1904, sannan suka ja layin dogo zuwa Kpalimé a 1907 da Atakpamé a 1911. Hausawa suna cikin baƙin farko da suka zauna a garin, kuma an sha matsar da zangonsu duk lokacin da birnin ya girma ya cim masa. Tashin 1977 shi ne mafi nisa, ba shi ne na farko ba.

Wani abu daga wannan zamani ya cancanci a tsaya a kansa. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano a 1858, wanda ya zauna Salga sannan ya koma Kete-Krachi a cikin Togon Jamusawa har ya rasu a 1934, an fi saninsa da waƙoƙi da rubuce-rubucen tarihi da ya yi wa jami'in Jamus Adam Mischlich. Amma tun yana saurayi ya wallafa wani littafi da Larabci a kan tsarin rubuta wasiƙa: yadda ake buɗe ta, da yadda ake jera laƙabin wanda aka aika wa gwargwadon matsayinsa. Samun irin wannan littafi a hannun ɗan gidan fatake yana nuna cewa ladabin hulɗa ilmi ne da ake koyo ana koyarwa, domin wasiƙar da ta saɓa tsari tana iya rufe wa mai ɗauke da ita ƙofa a garin da ba shi da kowa.

Ginshiƙin zango shi ne mai gida. Ɗalibin Hausa ya san kalmar da ma'anar shugaban iyali, amma a bakin 'yan kasuwa tana ɗauke da nauyin da ya fi haka. A wasu wurare akan ce fatoma. Idan baƙo ya iso Lome da garken shanu daga Nijar ko daga ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, bai san mahautan gari ba, ba ya jin Ewe ko Mina, kuma dabbobinsa suna ramewa kowace rana, ga shi yankin kudu ba ya yi wa shanun arewa daɗi. Ba shi da lokacin jira. Mahautan kuma ba su da kuɗi a hannu sai sun sayar da nama. Ciniki ba zai yiwu ba sai da bashi, bashi kuma tsakanin mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba. A wannan giɓi mai gida yake tsayawa. Yana saukar da baƙo, ya ciyar da shi ba tare da ya ce a biya shi kuɗin ɗaki ba, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali daga cikin mutanensa, sannan, abin da ya fi kome, ya tsaya masa. Idan mahauci ya ci bashin ya ƙi biya, mai gida ne zai cika daga aljihunsa, in ba haka ba labari ya bi hanya ya koma arewa, baɗi kuma babu mai sauka gidansa. Abin da yake samu shi ne rabonsa na la'ada, wato ladan da ake fitarwa a kan kowace dabba da aka sayar.

A ƙarƙashinsa akwai yara. Yaro a nan ba maganar shekaru ba ce. Mai furfura ma yaron wani ne muddin yana aiki a inuwarsa. Yara ne suke tarye garke, su yi gadi, su bi mahauta karɓo bashi. Ba albashi ake ba su ba. Ana ciyar da su, a tufatar da su, a ba su ɗan abin kashewa, kuma idan yaro ya daɗe ya nuna riƙon amana, mai gida ya yi masa aure, wani lokaci daga cikin 'ya'yan gidan, ya ba shi jari ya fara juyawa. Wannan alheri ne, alheri kuwa danƙo ne, yana ɗaure wanda aka yi wa.

Cinikin kansa yana da kalmominsa, kuma kowace tana da hukunci. Mai saye yana tayawa. Mai kaya, idan tayin bai yi masa ba, ba ya cewa "a'a". Cewa yake "albarka", wato ya ƙi tayin da kalmar fatan alheri, ƙofa ta zauna a buɗe. Muddin wani yana cikin tayi, ba a shiga masa ciniki. Idan aka daidaita, mai kaya ya ce "na sallama", daga nan magana ta ƙare. Wanda ya janye bayan sallamawa ya zubar da abin da ya fi ribar ranar daraja. Waɗannan ladubba suna da saiwa a fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan zango, a babin ciniki na Risala da na Muhtasar. A mazhabar Maliku, ciniki yana ƙulluwa da furuci, ba a jiran masu ciniki su rabu daga mazauninsu kafin ya tabbata, saɓanin abin da Shafi'awa suka tafi a kai. Haka kuma an hana tayi a kan tayin wani bayan an karkata ga juna, an hana ƙara farashi da gangan don a ruɗi mai saye. Sai dai kuskure ne a ce littafi ne yake tafiyar da kasuwar. Alƙur'ani ya yi umarni da rubuta bashi, amma kasuwar shanu ta fi dogara da shaidu da suna. Inda mai gida yake da malami ko magatakarda mai riƙe lissafi, rubutun don tunatarwa ne, ba hujjar da za a kai gaban alƙali ba.

Masana sun daɗe ba su ga wannan tsari da kyau ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara fito da shi fili a matsayin tsarin kasuwanci mai zaman kansa ita ce Polly Hill, a maƙalar da ta buga a 1966 kan masu gida da dillalai, bisa abin da ta gani a Kumasi. Kusan lokaci guda Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Badun, wato Ibadan, a 1962 da 1963, ya wallafa maƙala a 1965 kan bashi a kasuwar shanu, sannan littafi a 1969. Cohen ya ƙiyasta cewa a kowane lokaci akwai bashin da ya kai kimanin fam 100,000 yana yawo a wannan kasuwa, babu takarda, babu banki. Bayaninsa shi ne Hausawan Sabo sun mai da al'adarsu katanga: harshe ɗaya, auratayya a tsakaninsu, sarki ɗaya mai raba gardama. Da ikon sarkin ya fara rauni a farkon shekarun 1950, lokacin da siyasar jam'iyyu ta kunno kai, sai ɗariƙar Tijjaniyya ta cike gurbin, suka ware masallacin Juma'arsu daban da na Yarabawa. A ganinsa al'ada makamin kare kasuwa ce.

Zongon Lome ya samu nasa mai bincike jim kaɗan bayan tashin 1977. Michel Agier, Bafaranshe masanin halayyar al'umma, ya zauna da mutanen sabon zongon a ƙarshen shekarun 1970, ya wallafa maƙala a 1981, sannan cibiyar bincike ta ORSTOM ta buga littafinsa a Faris a 1983, mai suna Commerce et sociabilité, wato kasuwanci da zaman tare. Ya kira mutanen da ya yi nazari "Sudanawa", kuma kada mai karatu ya zaci ƙasar Sudan ake nufi. Tsohuwar ma'anar ce ta Larabawa da Faransawa, wato mutanen yankin da ya shimfiɗu kudu da Sahara. Zaɓen kalmar ma darasi ne. A zongon akwai Hausawa, akwai Zabarmawa da Fulani da Mosawa da wasunsu, da 'ya'yan da aka haifa a Lome waɗanda iyayensu mata 'yan kudu ne. Mutanen gari suna kiran su duka Hausawa, su ma da Hausa suke ciniki. Zama Bahaushe a irin wannan wuri ya fi kama da shiga sana'a: mutum ya yi salla, ya iya harshen, ya san gaisuwa da tayi da sallamawa, ya samu wanda zai ce "yarona ne".

A nan Lome ta ƙara wa abin da aka koya a Badun. Taken maƙalar Agier ta 1981 yana ɗauke da kalmar da ke nufin ƙirƙirar abu nan take gwargwadon hali, kamar yadda maroƙi yake ƙaga baiti a tsakiyar taro. Abin da ya jawo hankali gare shi shi ne dangantakar mai gida da baƙo da yaro ba gado ba ce da aka ɗauko cikakkiya daga Kano aka dasa a bakin teku. Kullum ƙulla ta ake yi: da aure, da suna, da zuwa jana'iza, da kyautar salla, da biya wa wani kuɗin mota. Hausa tana da sunan wannan aiki, zumunci, kuma Agier ya riƙe kalmar har ya sake komawa gare ta a littafin da ya rubuta kan karɓar baƙo a 2018. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Wannan karin magana yana bayyana abu biyu game da 1977 a lokaci guda: dalilin da ya sa ciniki ya tsira, tun da a jikin mutane yake, da kuma irin hasarar da aka yi, domin kilomita 15 tsakanin gida da kasuwa nauyi ne a kan ƙafar da take zumuncin. Wanda yake da mota da jari ya jure. Ƙaramin dillali da matar da take sayar da abinci ga masu wucewa a tsakiyar gari su ne nisan ya fi cutarwa.

Me ya sa wannan tarihi ya shafi binciken kasuwanci da gudanarwa? Dalili shi ne fannin ya daɗe yana ɗaukar kamfani mai rajista da yarjejeniya rubutacciya da kotu a matsayin ma'auni, duk abin da ya fita daga nan kuma saura ne. A farkon shekarun 1970 Keith Hart, wanda ya yi bincikensa a unguwar Nima ta Accra, ya fito da kalmar da aka yi ta fassarawa da "sashen da ba shi da tsari", Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma ta yaɗa ta daga 1972. Kalmar ta yi amfani wajen tilasta wa masu tsara tattalin arziki su ga miliyoyin mutanen da ƙididdigarsu ta tsallake. Amma idan aka ɗora ta a kan kasuwar shanun zongo, sai ta ɓatar. Wurin da aka san wanda zai fara magana, da kalmar da take ƙulla ciniki, da wanda zai biya idan an ci amana, ba a ce masa marar tsari ba. Tsarinsa ne ba a rubuta a ofishin gwamnati ba.

Daga wani ɓangaren kuma binciken ya gano cewa kamfanonin Turai da Amurka ma ba su rabu da irin wannan ba. Tun 1963 Stewart Macaulay ya nuna cewa 'yan kasuwar jihar Wisconsin ba kasafai suke komawa ga yarjejeniyar da lauyoyinsu suka rubuta ba. Waya suke ɗagawa su daidaita, don gudun ɓata suna. Mark Granovetter ya yi bayani a 1985 cewa harkar tattalin arziki a nutse take cikin dangantakar mutane. Douglass North, a 1990, ya raba dokokin wasa gida biyu, rubutattu da na al'ada, ya ce na biyun sun fi jinkirin canzawa. Avner Greif kuma, a 1989 da 1993, ya yi amfani da wasiƙun 'yan kasuwa Yahudawan Magrib na ƙarni na 11 da aka tsinta a Alƙahira ya nuna yadda tsoron ƙauracewar jama'a yake hana wakili cin dukiyar mai dukiya. Wanda ya san zango zai ga cewa matsalar da waɗannan masana suke zagayawa, wato yadda za a amince da wanda ba a gani ba, ita ce mai gida yake warwarewa kowace safiya. Abin lura, wasu masana tarihi sun ƙalubalanci Greif da cewa 'yan kasuwar nasa suna zuwa kotu fiye da yadda ya nuna. Wannan gargaɗi ya dace da zongo ma, inda sarkin zango da limami da sarkin fawa suke raba gardama, hukumar gari kuma tana nan a bayansu idan abu ya gagara.

Akwai wata illa da masu sha'awar wannan tsari suke saurin tsallakewa. Ƙa'idar da take saukar da baƙo ita ce take hana shi sayar da kayansa da kansa. Ba ya sanin ainihin yanayin kasuwa sai abin da dillalin mai gidansa ya faɗa masa. Yaro yana iya shekara goma yana jiran jarin da babu ranar ba da shi, kuma ba shi da inda zai kai ƙara, domin abin da aka yi masa alkawari alheri ne, ba hakki ba. Dukiyar da aka gina a kan sunan mutum ɗaya takan girgiza ranar da ya rasu: gidaje da kuɗi ana raba su gado, amma baƙin da suke sauka saboda shi ba a raba su. Sannan yawancin rubuce-rubucen nan labarin maza ne. Adashin mata da cinikin da suke yi daga cikin gida ta hannun 'yan talla ba su samu rabin wannan kulawa ba, alhali a cikin Lome ɗin nan, a babbar kasuwar Assigamé, matan da ake kira Nana Benz sun mamaye cinikin atamfa a shekarun 1960 da 1970 da wani tsari daban, na hulɗa kai tsaye da kamfanonin Turai masu shigo da kaya.

Ƙa'idojin zango sun kama har shi mai binciken. Wanda ya zo da takardar tambayoyi ya tsaya a bakin kara yana tambayar dillali nawa ya samu jiya, amsa zai samu, amma ba gaskiya ba, domin a wannan duniya bayyana samu rashin kunya ne, tambayarsa kuma rashin ladabi. Sai da ɗan gari akan ci gari. Mai bincike baƙo ne, dole ya sauka a gidan wani, ya gaida sarkin zango, ya zauna zaure ya ci goro. Wannan yana buɗe masa ƙofofi, yana kuma rufe wasu, domin duk wanda ya gan shi ya san na gidan wane ne, abokan hamayyar mai gidansa za su auna maganarsu, yaran gidan kuma ba za su kushe ubangidansu a gaban baƙonsa ba. Saboda haka duk wanda yake karanta Cohen ko Agier ko Emmanuel Grégoire, wanda ya rubuta kan Alhazan Maraɗi a 1986, ya kamata ya tambayi daga zauren wa aka hango kasuwar.

Yau birnin Lome ya miƙe arewa har ya haɗiye filin da aka kai zongo a 1977; unguwar da ake kira Agoè-Zongo ta zama cikin gari, babbar kasuwar shanu kuma tana can gaba a Adétikopé. Shanu da yawa a mota suke zuwa. Falke yana iya jin farashin Lome ta wayar hannu tun yana Dapaong, a kuma tura masa kuɗinsa ba tare da ya ɗaura su a ƙugu ba, ta yadda biyu daga cikin ayyukan mai gida, ba da labarin kasuwa da ajiyar kuɗi, sun rage daraja. Aiki na uku, wato tsaya wa baƙo idan mahauci ya karɓi sa ya ce sai mako mai zuwa, har yanzu mutum ne yake yin sa, kuma a kansa ake fitar da la'ada.